Ƙafafunki a Kaset ɗin Kawu Bello

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki a durƙushe, gaisuwar ɗa ga uwarshi, tare da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima inda kike kwance. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji huɗu na tsaya.

Ina Gusau yanzu, Tudun Wada. Bayan rasuwarki, da anka gama girbi, ƙanenki Kawu Bello ya kawo ni daga ƙauyenmu Furfuri zuwa shagon abokinshi, Malam Sani mutumin Tsafe, in koyi aikin bidiyo. Mutane na kawo tsohon kaset na biki ko na suna, a sa shi cikin na'ura, a haɗa waya, hoton ya bi wayar ya shiga kwamfuta. Har yau ban gane yadda mutum ke bin waya ba. Daga nan sai a cire wurin da bai yi kyau ba, a juye sauran kan faifai.

Cirewar ce ta fi ba ni tsoro. Wata 'yar reza ce a cikin gilashin kwamfutar, da ita ake yankawa. Ranar farko na ƙi taɓa ta, don wani tsoho na tsaye daidai inda anka ce in yanke. Malam Sani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ɗan Furfuri, yanka, ba ya jini." Tun ranar duk wanda ya shigo shagon sai an ba shi labarina.

Makon jiya Kawu Bello ya kawo kaset ɗin sunan ɗanshi, wanda munka je Bungudu da ke. Kaset ɗin ya sha laima. Da ƙyar ya wuce sau ɗaya, yana kaiwa ƙarshe na'ura ta tauna shi. Malam Sani ya ce shi ke nan, abin da ya shiga kwamfuta shi kaɗai ya rage a duniya, kuma cikinta ƙarami ne, da mun gama za a share a zuba aikin wani. Ya bar mini gyaran tunda namu ne. Doka ɗaya ya ba ni: "Inda babu fuska, babu amfani."

Na bi kaset ɗin kaf ina neman fuskarki. Babu. Duk sadda mai ɗaukar hoto ya juyo, kin ja mayafi ko kin shige bayan rumbu.

Ban yi mamaki ba, Inna, ni ma haka na san ki. Ni ne ɗanki na fari, kuma sunan surukinki anka sa mini, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Sai dai "kai", ko "yaron nan". Da anka yaye ni anka kai ni Rawayya wurin Kaka. In na zo gaishe ki, kina amsawa kina kallon cikin turmi. Kowa ya ce kunya ce, haka ake yi. Na yarda da baki. Amma ina ganin ƙannena suna hawa jikinki suna jan ɗankwalinki, ni ina bakin ƙofa ina murza hula.

To a tsakiyar kaset ɗin akwai wani wuri. Mai ɗaukar hoto ya manta bai kashe kyamarar ba, ya rataye ta ga kafaɗa ya tsaya shan fura a tsakar gida. Ba a ganin komi sai ƙasa, da kaji, da ƙafafun mata. Na ɗauko rezar na ɗora, ina jin daɗi na samu wurin da ba sai na tambaya ba.

Sai na ga yatsan nan naki na ƙafar hagu da fartanya ta sara, wanda farcen bai sake fitowa daidai ba. Da lalle a kanshi.

Na janye hannuna. Na sa abin sauraro a kunne na ƙara murya. Bayan ƙarar guɗa da kukan jariri sai ga muryarki, ƙasa ƙasa, kina magana da Gwaggo Hajo. Kinka ce, "Hajo, cire hantar ga ki kai ma yaron nan. Tun safe shina jan ruwa bai sa komi bakinshi ba, kuma ba shi tambaya. Kar ki ce ni."

Na tuna hantar, Inna. Cikin ɗan kwano mai murfi anka kawo mini ita, da yaji a gefe.

Da nan ya tsaya da sauƙi. Kyamarar ta ci gaba da kallon ƙasa. Can sai ga wata murya daga wajen rijiya, da ƙarfi, har kaji sunka watse. Muryata ce. Na ce, "Gwaggo, Allah shi bar mini ke. Duk gidan ga ke kaɗai kinka san ni ma ina jin yunwa."

Ni na san dalilin da ya sa na ɗaga murya. Don ki ji na yi.

Kuma kin ji. Ƙafafunki ba su gusa ba. Babban yatsanki ne kawai ya riƙa tona ƙasa, ya tona, ya rufe da ita. Sannan kinka tafi.

Ita kwamfuta ana iya mai da ita baya. Na yi ta mayarwa kamar mara hankali, ko wataƙila wannan karon yaron zai yi shiru. Bai yi ba. Da Malam Sani ya leƙo sai na ce mishi hasken gilashin ne ke sa mini hawaye.

Kawu ya ce in faifan ya fito zai tara kowa a Bungudu, a ta da janareto a kalla. In na bar wurin nan, abin da kinka ɓoye tsawon rayuwarki zai fita a lasifika gaban dangi da surukai, bayan da bakinki kin ce kar a ce ke. In na yanke, za a share shi, kuma ba ni da wata muryarki ko'ina. Kunya ta hana ni tambayar Malam Sani dabara, don sai ya saurara kafin ya taimaka.

Da ya tafi kasuwa sayo faifai, na ari rediyo mai kaset wurin mai shayin bakin titi. Na kara ta jikin lasifikar kwamfuta na danna jan maɓalli. Na san ba haka masu ilimi ke yi ba. Muryarki ta shiga, tare da ƙarar babura da ke wucewa. Na so in tsayar kafin tawa ta zo, har na ɗora yatsa. Sai na ga bai dace in riƙe naki in ɓoye nawa ba. Na bar ta ta shiga.

Sannan na sa reza na yanke. Malam Sani ya dawo ya duba aikin ya ce, "Ɗan Furfuri ya fara zama mutum." Na sunkuyar da kai. Washegari anka share, anka zuba bikin wasu mutanen Tsafe. Ƙafafunki sun tafi, Inna, da yatsan da lallen. A faifan Kawu ba ki fito ba sai bakin mayafi, yadda kinka so.

Na san wasiƙar ga ma tonon asiri ce, ki yafe mini. Mutanen gida ba su karatun boko, waɗanda za su karanta kuma ba su san ki ba, shi ya sa ban rubuta sunanki ba.

Allah shi yafe miki, shi haskaka kabarinki, shi yalwata miki shi. Allah shi ciyar da ke daga abincin Aljanna yadda kinka ciyar da ni ban sani ba. Allah shi sa in mun haɗu can babu sauran kunya tsakaninmu, ki ɗago ki dube ni, in ce miki na gode da hantar. Amin.

Naki,
Yaron nan.