Fanta Ta Sunkuyar da Kai

Hammadu Kafi, Gombe.

Ƙawata Edna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Mama, ya yara, ya ɗinki a Billiri? Allah ya sa kowa lafiya. Ni lafiyar jiki ce kawai gare ni.

Kin tuna Fanta, yarinyar ajina da iyayenta suka gudo daga Bama? Tun tashin bom ɗin da ya koro su jinta ya ragu ƙwarai, amma ba wanda ya san ya kai haka. Bakin mutum take kallo, ƙwaƙwalwarta ta haɗa motsin leɓe da ɗan sautin da ya shiga, ta cike maganar. Da haka take zuwa ta ɗaya. A gida kuwa faɗa take sha, wai tana ƙura wa manya ido, ba kunya.

Da aka buɗe makarantu bayan korona, aka ce dole kowane malami ya sa takunkumi. Edna, ina ɗaga murya har ta dushe, a banza. Kafin azahar Fanta tana dafe da kai don wahalar laluben abin da na faɗa. Yanzu ta daina laluben ma. Ta sunkuyar da kai.

Jiya mahaifinta, Malam Zarami, ya zo yana ta mini godiya, wai na koya wa 'yarsa ladabi. Da ya ga sakamakon gwaji kuma, ya ce tunda karatun ya ƙi, ƙarshen zango zai cire ta ta riƙa taya uwarta suyar awara. Na yi masa bayani, ya ce ai in ya ƙwala mata kira tana amsawa. Na gwada sauke takunkumin a aji, shugaban makaranta ya ce in na sake, a bakin aikina.

Don girman Allah ki ɗinka mini takunkumi mai tagar leda daidai baki. Ban san wata dabara ba.

Taki,
Bushra

*

Edna tawa,

Gaisuwa da godiya. Ya sanyin Billiri? Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Da fari numfashina ya turnuƙe ledar, sai na goga mata sabulu ta washe. Yara suka yi ta dariya. Fanta kam ba ta ɗago ba. Ta saba babu abin gani a fuskata. Sai da na durƙusa gaban bencinta, ni malama, na leƙa fuskarta ta ƙasa, na kira sunanta ba da ƙarfi ba. Ta ƙura wa bakina ido, ta amsa. Hawayena suka sake ɓata ledar.

Amma jarrabawa ta matso, an wuce ta da yawa, Malam Zarami kuma bai janye maganarsa ba. Tsoro nake ji, Edna. Ki taya ni da addu'a.

Anjima zan je gidansu. Zan roƙi dattijon nan abin da ban taɓa jin wata malama ta roƙi uba ba: ya ƙyale 'yarsa ta riƙa kallonsa ido da ido.

A gaida Mama.

Taki,
Bushra