Kayan Ɗakin Sakinatu

Wurno, Litinin

Zuwa ga ƙanena Badaru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na iso tare da Sakinatu, yayarta Sadiya ta sauka lafiya, an samu mace. Sai na gama mata wankan jego zan dawo Arkilla. Waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na ba Illo direba wannan.

Jikina na Wurno, hankalina na gida. Kayan ɗakin 'yata Sakinatu duk suna ɗakin tsakiya, gado da kujeru da kwanuka, shekara huɗu ina tara su, ga biki saura wata biyu. Ban yi wa kowa sallama ba a unguwa, don kada a san gidan ba kowa. Kada ka sa kwaɗo a waje. Ka sa sakata ta ciki, ka fita ta ƙaramar ƙofar baya. Kullum ka share ƙofar gida, ka canza shanya. Musamman kada Inna Delu maƙwabciyata ta ji, ka san bakinta ba ya riƙe magana.

Ka huta lafiya. Yayarka, Wasila

Gawon Nama, Alhamis

Yaya Wasila,

Bayan gaisuwa mai yawa, barka da arziki. Allah ya raya.

Ina yin yadda kika ce. Ni da gemuna ina shanya zannuwa, har zani mai ruwan ƙasa ya fara koɗewa. Jiya Inna Delu ta tare ni, ta ce kwana uku tana sallama ba a amsawa. Na ce kina fama da mura. Ta kawo kunu, na shanye. Yau ta kawo fate. Yaya, ƙaryar nan ta fara yi mini nauyi.

Naki, Badaru

Wurno, Asabar

Badaru,

Gaisuwa. Ka ci gaba da shan kunun, ka yi shiru. Ko abinci ba na iya ci sosai, da na ji ƙarar mota sai in leƙa ko Illo ne. Ka duba tagar ɗakin tsakiya, ban tabbata na ja ƙarfenta ba. Ka rufe gadon da tabarma. Ka ba Illo amsa yau.

Wasila

Gawon Nama, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi, ina shago, wasu maza uku suka zo da a-kori-kura. Ɗaya ya haura katanga ta baya, ya zare sakatar nan taki, ya wangale ƙofa kamar ɗan gida. Suka ce wa mutane jere za a kai gidan amarya. Tunda kowa ya ɗauka kina ciki, babu wanda ya yi zargi. Maƙwabcinki Malam Tukur ma da kansa ya kama musu kujera.

Sai ga Inna Delu. Ba ɓarayi ta gani ba, wulaƙanci ta gani. Ta haye motar, ta zauna a kan gadon, ta ce: "Ni anka raina? Ɗiyar da na goya za a yi ma jere ba a kira ni ba? Kuma ina kunka taɓa ganin jere ba mace ko guda? Ba ni sabka sai Wasila ta hito ta gaya min laihina."

Ta yi ta ƙwala miki kira har mata suka fito. Da aka shiga aka ga ba ki nan, sai aka waiwayo, mutanen sun bar motar sun gudu. 'Yan sanda sun tafi da motar bayan an sauke kayan.

Komai na nan, faranti biyu kawai suka fashe. Amma Inna Delu ta yi kuka da na faɗa mata gaskiya. Ta ce shekara ashirin katanga ɗaya ta raba ku, ashe kunun mara lafiya take dama wa gidan da ba kowa. Na ji kunya ƙwarai.

Ƙanenki, Badaru

Wurno, Juma'a

Zuwa ga Inna Delu,

Ina gaishe ki da girmamawa. Sallamar da ban yi miki ba ce nake yi yanzu: na tafi Wurno, sai bayan arba'in. Na yi kuskure, ki yafe mini. Badaru zai kawo miki makullin gidan, ki faɗa wa duk wanda kika ga dama.

Ranar jere ke za ki shiga gaban mota.

'Yarki, Wasila