Ƙaiƙayin Murjo

Dolen Buk, 4 ga Maris

Bistra 'yata, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu-yanzu, ko da tsohuwar da kike wa aiki ce a hannun, jingine ta da bango. Za su kashe mini Murjo!

Totka ta ce ba haka ake fara wasiƙa ba. To, ina gaishe ki. Ya jikinki, ya ciwon bayan nan, ya mutanen Italiya? Ina fata kina ci kina ƙoshi. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa da kunnen nan da ya hana ni jin ki a waya. Shi ya sa na tare Totka mai kawo wasiƙu a bakin ƙofa, na zaunar da ita, ina faɗa tana rubutawa. An yi gaisuwar, Totka? To rubuta.

Murjo, karen babanki, ba lafiya. Tun bayan arba'in ɗin babanki ya fara susa, har yau bai huta ba. Ya sosa kunne, ya gwagwiyi ƙafa, ya ja ciki a kan dutsen ƙofa yana kuka kamar mutum. Cikinsa ya yi jawur, gashin ya zube, ƙafafun gaba duk miki. Na shafa masa kindirmo, ya lashe. Na shafa masa giyar babanki mai zafin nan, ya yi ihun da kaji suka hau rufi. Na ɗaura masa zaren Maris ja da fari a wuya, na neman lafiya da ake cirewa in shamuwa ta dawo, shi ma ya sosa ya tsinke shi tun ba a ga shamuwa ba.

Kuma ba yunwa ba ce, Allah ne shaidata. Kin san babanki, Allah ya jiƙansa, da hannun jarirai, bai taɓa yarda a ba karen nan ko ƙashin kaza ba, wai kaza ta mutane ce. Ni kuwa hannuna ya ƙi koyon girkin mutum ɗaya. Kullum na mutum biyu nake yi, sai in juye wa Murjo rabon babanki.

Jiya Mincho makiyayi ya leƙo ta katanga. Ya ce, "Iya Stoyna, wannan ƙazwa ce. In ta shiga karnukana, daga nan sai tumaki, na shiga uku ke nan." Na ce, "Kai Mincho, ni fa na yi maka wankan farko, kai ma da ƙuraje aka haife ka, wa ya harbe ka?" Bai yi dariya ba. Ya ce ranar idin Waliyyi Gergi, shida ga Mayu, zai fito da garke zuwa dutse, kuma ta ƙofata hanya take. In ranar ta zo Murjo na haka, zai zo da bindiga, kuma mutanen unguwa na bayansa.

'Yar nan, kin san maganar babanki ta ƙarshe. Bai ce gida ba, bai ce gona ba, bai ma ce ke ba, kada ki ji haushi. Cewa ya yi, "Stoyna, kare." Da wane ido zan kalle shi in na je?

Totka ta ce akwai likitar dabbobi a gari, baƙuwa ce, wani ɗan garin nan ya auro ta daga wata ƙasa mai nisa. Ni da likita kin sani, da na ga farar riga sai harshena ya ɗaure. Amma zan je. Ki kunna mana kyandir a cocinsu, Allah ɗaya ne.

Uwarki, Stoyna

Dolen Buk, 2 ga Afrilu

Bistra, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Na ga saƙonki da safar ulun, na gode, sai dai ƙafata ba ta giwa ba ce. Yau Donka matar limamin coci ke rubuta mini. Ta ce in yi a hankali, hannunta ba inji ba ne.

Mun je gari sau biyu, ni da Murjo, a motar mai burodi. Sunan likitar ya fi ƙarfin bakina, Marika nake ce mata. Doguwa ce kamar sandar wake, tana jin yarenmu amma tana taka shi kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Ta kankare fatarsa kaɗan, ta leƙa ta madubin likita, ta ce ba ƙazwa ba ce! Rubuta wannan da manyan baƙaƙe, Donka. Ta ce borin jini ne, wato akwai abin da jikinsa ba ya shiri da shi, ko ƙuma, ko ciyawa, ko wani abinci. Kuma ba ya yaɗuwa, ko kwana ya yi a tsakiyar tumaki.

Ta ɗiga masa maganin ƙuma a ƙeya. Ta ba ni sabulun ruwa, in yi masa wanka sau biyu a mako da ruwa mai ɗumi-ɗumi, in bar kumfar a jikinsa tsawon addu'ar Ubanmu goma kafin in ɗauraye. Ta sa masa wani abu a wuya kamar mazurari don kada bakinsa ya kai ga mikin, yanzu yana yawo yana karo da ƙofa kamar bugagge. Sannan ta ba ni buhun abinci na kifi, ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki. Ta ce mako takwas wannan kaɗai zai ci, ban da wani abinci.

Na bi, wallahi na bi. Ba burodi, ba cuku, ba wake. Romon kaza kawai nake zuba masa a kan ƙwayoyin safe da yamma, don romo ai ba abinci ba ne, magani ne. Wane mara lafiya ne a garin nan ba a ba shi romo? Kaji huɗu na yanka masa zuwa yanzu.

Da muka koma, ta duba cikinsa, ta ga jan bai ragu ba. Ta ce, "Iya, kina ƙara masa wani abu a kai?" Bakina ya ƙi buɗewa, farar rigar nan. Sai na girgiza mata kai, wato e, kamar yadda kowa ke yi. Na zaci za ta tambaye ni mene ne, har ma ta yaba mini. Sai ta rubuta wani abu, ta yi ajiyar zuciya, ta ce to da alama ba daga abinci ba ne, kuma in ciyawa ce sai an daɗe ana nema.

An daɗe! Saura mako biyar idin Gergi. Na kai wa Mincho takardar da ta rubuta cewa ba ƙazwa ba ce. Ya juya ta, ya ce, "Iya, takarda ba ta kiwo. Ni idona nake bi." Matarsa ma ta daina aiko mini da madara.

Donka ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ina tsaye a gefensa ina tuna masa. Ki gaida tsohuwarki.

Uwarki da ba ta da kowa sai ke, Stoyna

Dolen Buk, 10 ga Afrilu

Bistra! Lafiyarki? Lafiyata. Totka, gaisuwar ta isa, rubuta, rubuta kafin zuciyata ta fito ta baki!

An gano! Ni ce! Ni ce nake kashe shi da hannuna!

Jiya Marika ta zo har gida da ƙafarta, wai ta ga inda yake kwana da irin ciyawar tsakar gida. Totka na nan. Baƙuwa ta zo, ai ba ka bar ta haka ba, na fito da banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta. Na ce, "Za ki ci?" Ta girgiza kai. Na zuba mata. Ta ci da ƙyar. Na ce, "A ƙara?" Ta girgiza kai. Na ƙara. Sau uku, 'yar nan! Na ce a raina, siririya kamar tsinke amma cikinta rijiya. A na huɗu ta rufe farantin da hannu biyu kamar za ta yi kuka, ta ce, "Iya, don Allah, tun ɗazu nake cewa a'a!"

Totka ta fashe da dariya har ta zame daga kujera. Ashe a ƙasarsu komai a juye yake! Girgiza kai a wurinsu a'a ne, gyaɗa kai kuma e. Kin taɓa jin wannan? Yaya suke aure a can? Marika ta ce mijinta ya gaya mata sau ɗari, ta sani sarai, amma in hankalinta na kan aiki sai wuyanta ya koma gida.

Tana cikin dariya sai ta tsaya cak. Ta ce, "Iya, ranar da na tambaye ki ko kina ƙara masa wani abu, kika girgiza kai. E kike nufi?" Na ce, "To da me zan nufa?" Ta ce, "Me kike ƙara masa?" Na ja ta madafa, na buɗe tukunya da alfaharina. Ta kalli romon, ta kalle ni, ta zauna a kan buhun dankali ta riƙe kai.

Ta tambayi yaushe susar ta fara, na gaya mata. Ta tambayi yaushe ya fara cin kaza, na buɗe baki zan amsa, sai ni ma na nemi wurin zama. Rabon babanki, Bistra. Tun da na fara juye masa rabon babanki.

Ta ce ba ta rantse ba tukuna, sai an gwada. Daga yau ko tururin romo kada ya shaƙa. Ta ce wani karen yana samun sauƙi cikin mako huɗu, wani sai takwas. Mu kwana ashirin da shida gare mu. Na ce mata Murjo kare ne mai hankali, zai hanzarta. Ta ce daga yanzu duk abin da ta tambaye ni in amsa da baki. Na girgiza kai. Ta ce, "Da baki, Iya!"

Ki yi mana addu'a. Yana kallona da idon nan in ina cin abinci, sai in juya masa baya ina ba shi haƙuri.

Uwarki mai kunya, Stoyna

Dolen Buk, 6 ga Mayu, idin Gergi

'Yata, barka da idi, Allah ya maimaita mana, ya dawo mini da ke lafiya. Totka ta baro gasasshen ragonta a kan tebur ta zo, don na ce in ba ta zo ba zan fashe.

Kwana goma na farko ban ga komai ba, na rame, na daina tsefe kai. Sannan wata rana ina tsinke wake sai na ji gidan tsit. Na leƙa, ga shi kwance a rana, ƙafafu sama, yana barci har da minshari. Jan cikin ya dusashe. Mikin ya bushe. Makon jiya aka cire mazurarin. Bai warke tas ba, yana ɗan sosa kunne, amma wa ba ya sosa kunne?

Yau da hantsi na ji ƙararrawar tumaki. Na fito da Murjo na tsaya a ƙofa. Marika ta zo tun da safe ta tsaya kusa da ni. Ga Mincho gaban garke, ragon farko da kambin ganye a ƙaho, bindiga a kafaɗa, rabin unguwa na biye. Na ce, "Kai Mincho, ga shi nan. Ka ce idonka kake bi, to buɗe shi da kyau." Ya tsuguna. Ya kwantar da Murjo, ya shafa cikin, ya buɗa tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina kunne. Sabon gashi ya tsiro kamar na ɗan tsako. Ya daɗe, har na fara ganin duhu-duhu. Na ce, "To? Ka bar mini shi?"

Ya miƙe, ya gyara bindiga, ya girgiza kai.

Ni na ce alhamdu, hawaye ya zubo. Sai ga Marika ta yi tsalle ta faɗa kan karen ta rungume shi tana ihu da yarensu da namu a haɗe, wai sai dai ya fara harbin ta! Mincho ya ja da baya, ya ce, "Iya, me na yi wa baƙuwarki? Ba na ce e ba?" Bistra, an yi dariya har tumaki suka watse. Ta tashi da ƙasa a gwiwa, fuskarta ta fi cikin Murjo na da ja.

Bindigar ma, wai ta kyarkeci ce. Maƙaryaci. Da rana ya aiko matarsa da madara da kafaɗar rago, wai a ba kare. Na karɓi madarar, na ce naman ni zan ci, Murjo ba ya cin komai sai da izinin likita. Marika ta ce nan gaba za a ɗan gwada masa kaza sau ɗaya don a tabbatar. Na ce mata ni na riga na tabbatar, da baki na faɗa.

Yanzu girkin mutum ɗaya nake koyo. Tukunyar tana kallona kamar ba ta san ni ba.

Totka, kada ki liƙe ambulan, kada kuma ki sa shi a jaka tukuna. Ki yi haƙuri Bistra, ke ce ta biyu. Miƙo mini sandata da kwalbar giyar can, mu hau maƙabarta ni da Murjo tun rana ba ta yi ƙasa ba. Babanki za a fara gaya wa. Zan ce masa, "Raiko, ga karenka, ƙirga ƙafafunsa. Kuma ka yi gaskiya, tsohon marowaci, kaza ta mutane ce."

Uwarki, Stoyna