Inna Ta Kira Sunan Yaya

Daren Laraba, Kurfi

Saura kaɗan in fasa talabijin yau. Wasan wasu iyali ne da ƴan bindiga suka kashe masu ɗa, wai labarin gaske. Marasa imani, jinin mutane ya zama abin kallo! Na tashi zan kashe, Inna ta ce, "Kai, bar shi."

Tun da aka harbe Yaya Auwalu a hanyar Dutsin-Ma ba ta zubar da hawaye ba, saboda kunyar ɗan fari. Abinci ma sai an matsa mata. Da uwar cikin wasan ta fashe da kuka, sai na ji Inna ta ce, "Auwalu." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta ce in miƙo tuwon. Ta cinye tas. Alhamdulillahi.