Na'urar Yaya a Baranda

Talata, 9 ga Janairu

Kwamfutata ta mutu. Mai gyara a unguwar Hervanta ya ce kayan ba za su iso ba sai ƙarshen wata. Ni kuma Litinin da rana zan miƙa gwajin neman aiki da wani kamfani ya ba ni, zanen bututun ɗumama ɗakuna na wata makarantar rainon yara. Tun da na gama digiri a Yuni, su kaɗai suka amsa mini. Kwamfutocin laburare ba sa yarda a sa musu manhajar zane. Na tambaya, na sake tambaya, har matar da ke aiki a wurin ta fara yi mini wani kallo.

Laraba, 10 ga Janairu

Abin da ya rage mai ƙwaƙwalwa a gidan nan shi ne na'urar wasan bidiyo ta Yaya Pyry. A wani zaure na intanet na ga yadda ake sa wa irinta manhajar Linux ta koma kwamfuta, in dai ba a sabunta ta ba. Tasa ba a sabunta ta ba tun kaka, albarkacin lalacinsa. Amma sun yi gargaɗi: kuskure ɗaya, ta zama bulo, ba ta sake tashi.

Na gaya masa yana cin burodin hatsi a tsaye. Ya ce, "Ke da ba ki taɓa tsallaka titi da jar wuta ba, ke za ki yi wa na'ura fashi?"

Na ce, "Yaya, aro ne."

"To, Injiniya. In ta zama bulo, ki gina mana gida da ita."

Ya yi dariya. Ni kuma na koma ina sake karanta gargaɗin.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ta tashi. Manhajar zane a kan talabijin ɗin falo, ni a ƙasa kan darduma da madannai a cinya. Amma fankarta na kuka kamar za ta tashi sama, jikinta ya yi zafi, kuma sau biyu ta kashe kanta ina tsakiyar aiki. Ba don wannan aka ƙera ta ba, ta kuma sani. In haka za a ci gaba, ba zan gama ba.

Juma'a, 12 ga Janairu

Na kai ta baranda, inda muke ajiye tukunyar miya. Sanyi ya kai sha tara ƙasa da sifili. Na zuro wayoyin ta gefen ƙofa, na toshe sauran da tawul. Fanka ta yi tsit. Na zana ɗakunan yara, kicin, da rabin ɓangaren gabas. Ban kwafe aikin yau zuwa wata ma'ajiya ba, don ramukan jona kaya biyu ne a jikinta, madannai da linzamin kwamfuta sun cinye. Gobe.

Har na ɗan ji kaina.

Asabar, 13 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Yaya ya fito da safe lulluɓe da bargo, ya ce falo ya zama firji, ko dai na'ura ta shigo ko shi ya koma gidan budurwarsa. Na ɗauko ta, sanyi ƙalau, na ɗora kan tebur, na jona, na danna. Fitilar ta yi ƙyaf, ta ɗauke. Sai a lokacin na ga ruwa yana tsatstsafowa a jikinta kamar zufa.

Raɓa. Ƙarfe mai sanyi cikin iska mai ɗumi. Zangon karatu guda na yi ina karanta wannan, har jarrabawa na ci a kansa. In waje ya jiƙe, ciki ma ya jiƙe, ni kuma na tura wa jiƙaƙƙen abu wuta.

Mutanen zaure suka ce kada in taɓa ta sai ta kwana biyu. Wani ya rubuta, "Sannu da gina bulo." Yaya bai yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ko mu tafi da ita sauna anjima, zafin ɗakin wankan ya busar da ita?" Da ya ga fuskata sai ya je ya haɗa mini kofi.

Lahadi, 14 ga Janairu

Tana kan tebur. Ina zagaye ta kamar mai jinya. Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 15 ga Janairu

Na kasa danna maɓallin kunna ta. Na tsaya da yatsa a sama har Yaya ya gaji, ya ce, "Matsa, matsoraciya," ya danna da babban yatsan ƙafarsa.

Ta tashi. Aikin yana nan.

Lokacin da ya rage bai isa in gama ɓangaren gabas ba. Na tura shi haka, da giɓinsa. Na so in ce rashin lafiya na yi. Daga baya na rubuta musu abin da ya faru, har da baranda, har da raɓa. Wanda ke neman aikin ɗumama gini bai kamata ya faɗi wannan ba. Na riga na tura.

Laraba, 17 ga Janairu

Marjukka, shugabar sashen zane na kamfanin, ta kira. Ta ce, "Ke ce mai na'urar wasa?" Na ce ni ce. Ta ce ɓangaren gabas babu, kuma bututun kicin ya yi ƙanƙanta. Na ce na gani, na faɗa mata girman da ya kamata. Sai ta ce in zo gobe, mu uku za su gani, ɗaya za su ɗauka.

Ɗaya cikin uku. Ya kamata a ce ina bita yanzu.

Wata yarinya a zaure ta rubuta cewa tata na zafi, tana tsoron kada ta ƙone, aikin makarantarta na ciki. Ba wanda ya kula ta. Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ce in ma ta yi kuskure, yawanci ana tashi. Ban san inda na samo wannan maganar ba.