Sojojin Ɗanjuma da Haƙorina

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin Hajara? Inna lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi.

Labarin Ɗanjuma mai gyaran injin jirgi na kawo maka, wanda ya daɗe yana cin mu a wasan ces, darar Turawa, a bakin tafki. Salonsa bai canza ba: ya turo sojoji biyu tsakiyar allo su tokare ko'ina, ya zauna yana dariya.

Ranar Juma'a na bi shawararka. Ban tare shi gaba da gaba ba. Na bar masa tsakiyar, na fito da dokina, na ajiye ɗan wasan da ake kira limami a lungu yana hangen dogon layi. Ya ƙaro soja na uku. Sai na soke shi da sojan gefe, kamar yadda masunta ke jan taru bayan kifi ya gama shiga. Tsakiyar ta wargaje, na yi ta yanka.

Bai jira ƙarshe ba. Ya ce, "Wannan wasan matsorata ne." Ya ɗaga allon ya maka mini a baki. Haƙorina ɗaya ya fita, jini ya jiƙa rigata. Ni kuma na shaƙe masa wuya, sai da masunta suka ɓamɓare ni.

Inna ta ce kada in koma. Gobe zan koma. Ka taya ni da addu'a, ka gaida Hajara da yara. Ka kuma aiko mini da abin da zan yi in ya turo soja na huɗu, don haƙorana saura da yawa.

Ƙaninka,
Bello