Tsuntsun da Kika Ji a Bakin Tafki

Daga teburin Farfesa, Shugaban Masana Tsuntsayen Sama da na Ruwa, mai kujera mai juyawa da fanka biyu a ofis.

Zuwa ga kurciyar zuciyata, farar balbela mai tafiya kamar tana tausayin ƙasa, gaurakar da Allah Ya ɗora wa kambi ba ta roƙa ba, Malama mai riƙe da rijistar ƙungiyar 'yan sa-kai masu kula da tsuntsaye. Gaisuwa gare ki adadin zanen da ke jikin zabuwa, da ƙarin wadda ba ta ƙirguwa!

Kada ki yi mamakin babban mutum kamata ya zauna yana rubuta miki irin wannan. Wa zai gan ki da sassafe a bakin tafki, madubin hangen nesa a wuya, biro a bayan kunne, kina lallashin masu harbi da danko kamar kina roƙon bashin rai, ya koma gida da hankalinsa cikakke? Wallahi ko zalɓe, da duk girman kansa, idan kin wuce sai ya sauke ɗayar ƙafar ya tsaya da ladabi.

To, muryar tsuntsun nan da kika ɗauka a waya kika turo mini, wadda kika ce babu irinta a littafinku, har kika roƙe ni in zo ranar Asabar in ji da kunnena, na saurare ta. Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake saurara. Ga abin da bincike ya nuna.

Tsuntsun nan ba shi da gashi ko ɗaya, sai ɗan gemun da ya ƙi fitowa. Ƙafarsa biyu, takalminsa lamba arba'in da uku, ɗaya an ɗaure shi da waya. Sheƙarsa wani ɗan shago ne mai cike da garin katako, inda ake ƙera muku akwatunan da kuke rataye wa tsuntsaye a bishiya. Karkarwar nan kuwa da ke ƙarshen kukansa, wadda kika ce ta sa tsigar jikinki tashi, daga giɓi take fitowa, tun ranar da wani katako ya kuɓuce ya yi awon gaba da haƙorinsa na gaba.

Ranar farko, ya hasken idona, tsokana ce kawai. Kin kafa dokar kowa ya yi shiru, shi kuwa shiru ciwo ne a gare shi. Aka aike shi ɗauko tsani, ya laɓe bayan ciyawa ya yi fito, yana jiran ki waiwayo ki harare shi, don hararar ma a wurinsa guzurin mako ce. Sai ya ga kin daskare. Ya ga kin ɗaga hannu kin tsayar da mutum goma sha ɗaya, har da Baba mai tari ya haɗiye tarinsa. Fuskarki ta buɗe kamar furen bado da rana ta taɓa! Wane mai imani ne zai ga wannan ya fito daga ciyawa ya ce ni ne? Asabar huɗu yana tsugune cikin taɓo, cinnaku na cinsa ba ya ko motsi, don dai ya sake ganin fuskar nan.

Kin tuna da kika same shi yana kafa akwati, kika ba shi kunne ɗaya na iyafis ɗin wayarki don ya ji muryar da kika ɗauka, kika riƙe ɗaya, kanku ya kusa haɗuwa? Ya saurari bakinsa da kansa, ya gyaɗa kai kamar malami a gaban karatu, ya ce da alama namiji ne yana neman mata. Kika ce Allah sarki, Allah Ya haɗa shi da ita. Ya ce amin har sau uku! A duk zancen nan, nan kaɗai ne bai yi miki ƙarya ba.

Shawarata a matsayina na masani: kada ki kore shi. Irinsa ɗaya ya rage a duniya, kuma ke kika sa muka ɗaga hannu muka yi alkawarin kare duk tsuntsun da ya kusa ƙarewa. Idan kika juya masa baya, ina zai sauka? Abinci ya daina shiga, zarto ya daina bin layi, jiya ya buga wa akwati ƙusa ta ko'ina ya manta bai bar ƙofa ba!

Kai, alƙalamin ya gaji da ɗaukar girman da ba nasa ba. Malama, babu kujera mai juyawa, a kan buhu nake zaune. Ban taɓa shiga aji ba, allo da tawada na sani, wannan rubutun ma a waya na koya. Na ari rigar Farfesa ne don na san da sunana kika gani a sama, da tuni kin naɗe takardar kin ce wani shirmen ne.

Farfesa na gaskiya yana nan tafe ranar Asabar da kyamararsa, kuma ba zan bari ki tsaya gabansa kina nuna masa ciyawa ba. Ko kin yafe ko ba ki yafe ba, zan fito gaban kowa in buɗe giɓina in yi masa fiton nan, dariyar ta sauka a kaina ni kaɗai. Abu ɗaya nake roƙo: idan sun gama, kada ki soke ni da jan biro. Ki bar ni a rijista, ko a can ƙasa ne bayan hankaka.

Naki har tafki ya ƙafe, har a sake haƙa wani, ba ƙaura ba sauya bishiya,

Kafintanku mai giɓi.